Aikin Hannu Kafin Barci: Ban da Wake, Ban da Gyaɗa

Ba sai an koya wa uwa lallashin yaro ba. Kun san goyo, kun san jijjiga, kun san tatsuniya. Abin da wannan darasi zai ƙara shi ne ɗan aikin hannu da zai zaunar da yaro mai shekara 2 ko 3 wuri ɗaya bayan tuwon dare, jikinsa ya yi sanyi, barci ya zo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019, ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana, har da na rana.

Kayan duk suna gida: murfin kwali, tsohuwar takarda, ganyen mangwaro, da ɗan kunun fulawa mai kauri da aka dama ya huce. Yaro ya yaga, ya shafa, ya manna. Minti 15 ya isa. Wannan kun iya.

Abin da nake roƙo shi ne kada a sa wake a cikin aikin. Kada a sa gyaɗa, ko masara, ko maɓalli, ko duwatsun ado. Yaro mai wannan shekaru komai baki yake kaiwa, kuma hanyar numfashinsa ba ta wuce kaurin ɗan ƙaramin yatsansa ba. Duk abin da bai kai ƙwan kaza girma ba, a kawar da shi daga tabarma.

Ga wani gida bayan isha'i. Kaka ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, an rage hasken fitila. Auta ya zauna tsakanin ƙafafunta, kunu har gwiwar hannu, ya manna ganye uku a kan kwali.

"Wannan mene ne, maigidana?"

"Akuya!"

"To, akuyar nan ta ƙoshi. Ina wutsiyarta?"

Ya yago takarda ya liƙa mata a ka. Kaka ta ce ai kuwa wutsiya ta yi kyau. Sai ga yayarsa ta fito daga madafa, hannu a dunƙule.

"Kaka, ga wake, a yi mata idanu."

"Mayar da shi buhu, 'yar nan. Ɗauko gawayi."

"Ai guda biyu ne kawai."

"Ɗaya ma ya yi yawa. Mayar."

Aka ɗiga wa akuya idanu da gawayi. Auta ya yi hamma, aka wanke masa hannu, aka jingine kwalin a bango, aka yi addu'a, aka saki gidan sauro.

Kaka ta yi daidai. Amma ku shiga maƙwabta ku gani: uwa tana tsintar wake a faifai, ta ɗebi kaɗan ta zuba wa yaro a murfin kwano don ya ƙyale ta. In an yi magana sai ta ce, "Ai ina kallonsa." Kallon me? Kafin ta juya ta amsa sallama, ƙwaya ta shige hanci. Wata kuma ta ce da haka aka rene su. Na ga yaron da aka kwana da shi a hannu yana kuka, an rasa mota, don ƙwayar wake ɗaya. Wake in ya sha danshin hanci kumbura yake yi, fitar da shi ya ƙara wuya. Ban da wake, don Allah.

In abu ya riga ya shiga hanci, kada a tsokana da tsinke ko ashana, ƙara tura shi ciki za a yi. A tafi asibiti. In ya shaƙe yana tari, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari, ya kasa kuka, a sunkuyar da shi, a buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau 5, wani kuma ya nemo abin hawa.

Mafi muni shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogon hannu. In ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya ƙona wurin. In yaro ya haɗiye shi, ko yana wasa kamar lafiya lau, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.