Kafin Ku Tafi Sari Kantin Kwari

Aikina koyar da lissafi ne, ina kuma taya masu shagunan tufafi na Hanwa da Samaru da kasuwar Sabon Gari duba littattafan cinikinsu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sari. Mutum zai kwashi jarinsa ya nufi Kantin Kwari a Kano, ya saro abin da ya ga maƙwabci ya cika shago da shi, ko wanda ribar ƙwaya ɗayansa ta fi tsoka. Nan asara take ɓuya.

Ga misali da ƙiyasin farashi. A ce jarin Hajiya naira miliyan 2 ne, kantocin shagonta kuma ba sa ɗaukar fiye da ƙwaya 110. Leshi tana saro shi 40,000, ribarsa 6,000. Turmin atamfa 10,000, ribarsa 2,500. In ta zuba kuɗin duka a leshi, guda 50 za ta samu, riba 300,000, fiye da rabin shagon kuma wayam. In ta ce atamfa zalla, turmi 110 ne iyakar abin da shagon zai ci, riba 275,000, ga 900,000 a kwance ba sa aikin komai. Amma leshi 30 da atamfa 80 za su cinye jarin daidai, su cika shagon, ribar ta kai 380,000. Jarin bai ƙaru ba, hayar shago ba ta canza ba, an samu ƙarin 80,000.

Wannan dabara ta nemo haɗin da ya fi riba a cikin iyakokin da mutum ke da su ita ake kira liniya furogiramin. Leonid Kantorovich ne ya fito da ita a 1939 a Tarayyar Sobiyat, yana warware matsalar masana'antar katako, George Dantzig kuma ya samar da hanyar warware irin wannan lissafi a Amurka a 1947. Yau tana cikin Excel, a sashen Solver. In kayan sun kai kala goma, shadda da yadi da abaya da mayafai da 'yan kanti, kwamfuta ce za ta yi aikin cikin ƙiftawar ido, kuma ɗaliban lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello suna koyon sa.

Sai dai lissafin ba ya duba. Abin da aka ba shi da shi yake aiki. In leshi 20 kawai ke fita a wata a layinku, dole a faɗa masa, in ba haka ba guda 10 daga cikin 30 ɗin za su kwanta har yayinsu ya wuce. Cinikin Samaru yana tafiya da zangon karatun jami'a, na Sabon Gari yana tashi gab da Sallah da lokacin bukukuwa, don haka amsar watan azumi ba za ta yi wa damina ba. Kayan da aka bayar bashi kuma jari ne da ya fita daga hannu, a cire shi.

Don Allah 'yan uwa, ku fara da littafi. Kowane kaya a rubuta kuɗin sari haɗe da na mota da dako, kuɗin sayarwa, da adadin da ya fita kowane mako. In kun yi wata uku a haka, ku nemi wanda ya iya Solver ku zauna tare kafin sari na gaba.