Amsoshin Tambayoyinku: Zan Iya Canza Fad ɗin Birki da Kaina a Gida?

Tambaya: Ina da Toyota Highlander ƙirar 2010, da ita nake kai yara makaranta, da ita muke zuwa gida da salla. Kwanan nan duk sanda na taka birki sai in ji wata ƙara mai tsini daga tayar gaba, alhali ba a daɗe da canza fad ba. A gabana yaron bakanike ya yi aikin, kuma ban ga wani abin wahala a ciki ba. Shin zan iya yi da kaina a gida? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, za ka iya, matuƙar na gaba ne kuma kana da kayan aiki da natsuwa. Sai dai kafin ka sayi sabon fad, ya kamata mu san abin da ya cinye na farkon da wuri, don in ba a gano shi ba, sabon ma haka zai ƙare.

Ƙarar da kake ji, galibi da gangan aka yi ta. A jikin fad akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke fara gogar faifan birki idan naman fad ɗin ya kusa ƙarewa. Sabon fad kaurinsa kan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko 3 lokacin canji ya yi. In kuwa ƙarar ta koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe, to faifan ya fara lalacewa, kuɗin gyara ya ƙaru ke nan.

Abu biyu ne suka fi cinye fad da wuri a ƙasar nan. Na farko jabun kaya. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka tarar da mai kyau da marar kyau a kwali iri ɗaya, kuma mai shago kan tambaye ka, "Orijina kake so ko na biyu?" A birkin motar da ke ɗaukar iyali, arha ba ta ado. Ka tafi da lambar shasi ko tsohon fad ɗin a gwada. Na biyu shi ne wanda yaran gareji suka fi tsallakewa saboda sauri. Kalifa, wato ƙarfen da ya rungumi faifan, tana zamiya ne a kan wasu sanduna biyu masu rigar roba. In robar ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga, sai giris ɗin ya bushe, sandar ta cije. Daga nan fad ɗaya ne zai riƙa ɗaukar nauyin aikin, ko kuma ya zauna manne da faifai ko ba ka taka birki ba. Alamarsa a fili take: ka jera tsofaffin fad biyu na taya ɗaya a ƙasa, in ɗaya ya siɗe ɗayan kuwa da sauran nama, ko ɗaya ya ci a karkace, to ga mai laifin nan.

Babban haɗarin aikin yana wajen ɗaga motar. Highlander ta kusa tan 2. Jak ɗin da ke cikin but na canza taya ne a bakin hanya, ba a dogara da shi kaɗai a zura hannu ƙarƙashin mota. Ka nemi ƙafafun ƙarfen da ake jingine mota a kai, ka yi aikin a kan siminti mai shimfiɗe, ba a rairayin ƙofar gida ba. Bulon da ake gani ana tara wa mota a wasu garejoji yana fashewa ba tare da sallama ba, kada ka yi koyi. Ka sa giya a P, ka ɗaure birkin tsayuwa, ka tokare tayoyin baya, ka ɗan sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar don ko-ta-kwana. Yara kuma su koma cikin gida.

Sauran aikin bi-da-bi ne. Ɓangare ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan, don in ka rikice ka leƙa ka ga yadda aka jera. A yawancin Toyota sifana 14 ke kwance bol ɗin kalifa. Idan ta fita, ka rataye ta da waya, kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon man birki, domin tiyon kan lalace ta ciki ido bai gani ba. Ka zare tsofaffin fad, ka goge mazauninsu da burushin ƙarfe. Kada ka hura ƙurar da baki ko da iska, ka share ta da jiƙaƙƙen tsumma, don wasu fad masu arha ana samun asbestos a cikinsu, mai illa ga huhu. Sandunan nan biyu ka zaro su, ka goge, ka shafa musu giris na birki mai silikon. Giris na yau da kullum da baƙin mai suna kumbura roba. Ko ɗigo kuma kada ya taɓa fuskar fad ko faifai.

Sabon fad ya fi tsohon kauri, saboda haka dole ka mayar da fistin kalifa, wanda ke matse fad, ciki. Ka ɗora tsohon fad a kansa ka matse a hankali da kilam irin na kafintoci; in kalifarka mai fistin biyu ce, hakan zai tura su tare. Kafin nan ka buɗe bonet ka duba robar man birki. Mutane da yawa suna ƙara mai idan suka ga ya yi ƙasa, alhali cinyewar fad ce ta saukar da shi, to yanzu da ka tura fistin zai dawo ya yi ambaliya, kuma man birki yana cin fenti. In ya cika ka rage da sirinji. Irin man da motar ke sha yana rubuce a murfin, a motarka DOT 3 ne.

Ka duba faifan ma. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a rubuce yake a jikinsa. In ya yi zurfafan layuka, ko sitiyari na rawa idan ka taka birki a guje, fad kaɗai ba zai magance ba. Kuma hagu da dama tare ake canzawa, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe. Notocin taya a ɗaure su a gicciye, ƙarfin ɗaurin Highlander Nm 103 ne, ba tsalle a kan wil sifana ba.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai, Malam. Bayan ka sauke motar, kafin ka sa giya, ka yi ta taka birki har sai ya yi tauri a ƙafarka. Takun farko zai nutse har ƙasa babu kamu, saboda fistin bai dawo ya riski fad ba. An sha yin baya a daki gini ko ƙofar gida a kan wannan mantuwa. Daga nan ka fita layin da babu jama'a, ka kai gudun kilomita 50 a awa, ka rage a hankali ba tare da tsayawa cak ba, ka maimaita sau da yawa don fad ya zauna da faifai.

In ka ga danshin mai a jikin kalifa, ko fistin ya ƙi komawa, ko birki ya ci gaba da laushi bayan ka yi ta takawa, ka ajiye sifana ka kira bakanike ya same ka a gida, kada ka tuƙa ta zuwa gareji. Haka nan birkin baya na sababbin jif masu birkin tsayuwa na maɓalli: sai an sa su a yanayin gyara kafin a tura fistin, in aka matsa da ƙarfi ɗan injin da ke ciki ya lalace. Allah ya tsare hanya.