Yadda Ake Ɗinka Haruffan Suna a Ƙirjin Riga da Keken Monogiram

Tishat da rigar polo suna miƙewa, ba kamar shadda ba. Shi ya sa tela zai iya gwanancewa a wuyan kaftani, amma ya ɓata haruffa biyu a tishat. Yawancin aikin ana yin sa ne kafin ɗinkin, don haka kada ka yi gaggawar kunna keke.

Ka tanadi zaren poliyesta lamba 40, siririn zaren ƙasa, allura 75/11 mai dasasshen baki, takardar tallafi, firam mai santimita 10 a kowane gefe, alli, tef, da ƙaramin almakashi.

1. Wanke rigar ka goge ta. Sabon auduga yana tsukewa a wankin farko, zaren poliyesta kuwa ba ya tsukewa. Idan ka tsallake wannan, gefen haruffan zai tattare bayan wanki ɗaya.

2. Sa mai rigar ya rubuta haruffan da hannunsa. A tsarin Turawa na haruffa uku, na sunan iyali ne ke tsakiya, kuma ya fi sauran girma. Da yawa a cikinmu sun fi son haruffan su jeru yadda ake kiran sunan, to ka tambaya. Idan akwai Ƙ ko Ɗ ko Ɓ, duba ko salon rubutun yana da su. Yawanci babu, sai ka zana lanƙwasar da kanka. Bai dace a mayar wa mutum Ɗ ta koma D a rigarsa ba.

3. Tsara su a kwamfuta. Manhajojin Wilcom da Hatch na kuɗi ne, Ink/Stitch kyauta ce. Tsayin santimita 2 zuwa 4 ya ishi ƙirji. Harafin da bai kai milimita 6 ba yakan cunkushe, ramin A ya toshe. Faɗin kowane layi kada ya gaza milimita 1, kada kuma ya wuce 7, domin dogon zare yana saƙalewa a wanki. Kunna ɗinkin shimfiɗa, wato wanda keke ke fara yi a ƙarƙashi, sannan ka ƙara wa layukan faɗi kaɗan, kamar milimita 0.3, saboda zare yana jan yadi ciki.

4. Adana aikin da tsarin da kekenka ke karantawa: PES ga Brother, JEF ga Janome, DST ga Tajima da galibin manyan injuna. Zuba shi a filashi.

5. Gwada a tsohuwar riga mai irin wannan yadi. Juya bayan ɗinkin ka duba. Zaren ƙasa ya kamata ya mamaye kashi ɗaya cikin uku a tsakiyar layi. Idan ya leƙo sama, sassauta zaren sama.

6. Yi alama a rigar. Daga inda kafaɗa ta haɗu da wuya a ɓangaren hagu, sauko kamar santimita 18 zuwa 20. Daga tsakiyar riga kuma, matsa kamar santimita 10. Zana gicciye da alli. In mai rigar yana kusa, ya sa ta ka gani, domin jiki ba ɗaya ba ne.

7. Ɗaura a firam. A nan aka fi ɓarna. Yi amfani da takardar da ake yankewa da almakashi, domin tana zama a bayan ɗinkin ta riƙe shi muddin rigar na nan. Wadda ake yagewa ta dace da yadin da ba ya miƙewa, a tishat kuwa haruffa za su karkace. Yanke ta ta ɗara firam a kowane gefe. Shimfiɗa rigar a kanta, ka danna firam sau ɗaya. Yadin ya kwanta sumul, amma kada ka ja shi. Duk abin da ka miƙar yanzu zai koma idan ka cire firam, ya bar tattarewa kewaye da haruffan, kuma guga ba ta gyara ta. Idan layukan saƙar rigar sun lanƙwashe, kwance ka sake. A polo mai gurza-gurza, ɗora leda mai narkewa a ruwa a sama don kada zare ya nutse.

8. Saka firam a keke, ka zura hannu ƙarƙashinsa. Tabbatar bayan riga ko hannunta bai shiga ba. Daidaita allura da tsakiyar gicciyen, ka sa keke ya zagaya iyakar zanen ba tare da ɗinki ba.

9. Ɗinka a hankali, kamar ɗinki 600 a minti. Tsaya kusa. Idan zare ya tsinke, koma baya ɗinki goma kafin ka ci gaba. Idan wuta ta ɗauke, kada ka taɓa firam, ka ci gaba daga lambar ɗinkin da aka tsaya.

10. Cire firam, ka datse zaren da ya tsallaka tsakanin haruffa. Yanke takardar baya ka bar kamar rabin santimita, kana ɗaga ta sama don kada almakashi ya ci riga. Goge allin da ɗanyen tsumma. Kife rigar a kan tawul, ka goge ta ta baya da matsakaicin zafi.