Waƙa a Tsakar Dare: Ta'aziyyar Muryoyin da Suka Haɗu

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:16-34
Ayar haddacewa: Ayyukan Manzanni 16:25

A ikilisiyoyinmu muna son yabo mai ƙarfi. Muna da ganguna, da jita, da piyano, da lasifika, kuma babu laifi, gama Zabura 150 ta kira mu mu yabi Ubangiji da kayan kiɗa. Amma ka lura da abin da yakan faru idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sujada, janareta kuma ta ƙi tashi. Sau da yawa yabon yakan mutu tare da lasifikar, kowa ya tsaya yana kallon ɗan'uwansa. Darasinmu na yau yana kan waƙar da ba ta jiran wuta, wato waƙar muryoyi zalla.

A karatunmu mun ga Bulus da Sila a Filibi, birnin Makidoniya. An yage musu tufafi, an yi musu dūka da sanduna, an jefa su can cikin kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu. Ba garaya, ba molo, ba ganga. Abin da ya rage musu shi ne numfashi da murya. Da tsakar dare suka yi addu'a, suka rera yabo ga Allah, sauran 'yan kurkuku suna sauraro. Ka lura da jerin abubuwan: waƙar ce ta riga girgizar ƙasa. Sa'ad da suke rerawa, ƙofofi suna kulle, raunukan bayansu kuma ba wanda ya wanke. Ka kuma lura cewa su biyu ne. In muryar ɗaya ta raunana saboda zafin dūka, akwai ta biyu a gefensa.

Ubangijinmu Yesu ma haka ya yi. Matiyu 26:30 ta nuna mana cewa a daren da aka bashe shi, ya rera waƙa tare da almajiransa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Ya san gicciye yana gabansa, duk da haka ya haɗa muryarsa da tasu.

Tarihi ya ba mu wani misali daga Amurka. Baƙar fata da aka bautar a gonakin auduga sun riƙa rera waƙoƙin bangaskiya da murya kawai, ɗaya ya ba da waƙa, sauran su amsa, suna tunawa da Musa, da Daniyel, da kogin Urdun. An kawo ƙarshen bautar a 1865. A 1866 aka buɗe makarantar Fisk a birnin Nashville domin 'yantattun bayi, amma zuwa 1871 rashin kuɗi ya kusa rufe ta. A watan Oktoba na shekarar, ɗalibai tara suka kama hanya suna waƙa gari gari domin ceton makarantarsu. Abin da ya fi taɓa zukatan masu sauraro shi ne waɗannan tsofaffin waƙoƙin da iyayensu suka rera cikin hawaye. A 1873 sun rera a gaban Sarauniya Victoria ta Ingila, kuɗin da suka tara kuma ya gina babban ginin da ake kira Jubilee Hall, wanda yake tsaye har yau. Waƙar da aka haifa cikin sarƙa ita ce Allah ya mora ya raya makaranta.

Mene ne yake sa irin wannan waƙa ta kwantar da zuciya? Ka tambayi shugaban mawaƙa na ikilisiyarku, zai gaya maka abu biyu.

Na fari, in babu kayan kiɗa, dole ka saurari na kusa da kai. Murya ta ɗaya tana ɗauke da karin waƙar a sama, ta biyu da ta uku suna cike tsakiya, ta huɗu, babbar muryar maza, tana riƙe da gindi. Ba piyano da zai nuna maka hanya, kunnenka yana kan ɗan'uwanka. Baƙin ciki yakan kulle mutum cikin kansa har ya ga kamar shi kaɗai ne a duniya. Waƙar haɗin murya tana buɗe wannan ƙofa, gama ba ka iya yinta ba tare da ka ji wani ba.

Na biyu, idan aka zo wurin da ake jan murya da tsawo, mawaƙa ba sa shaƙar numfashi lokaci ɗaya. Wannan ya ɗan tsaya ya shaƙa, waɗancan suna riƙe da sautin, sa'an nan ya dawo, wani kuma ya huta. Mai sauraro ba ya jin yankewa ko kaɗan.

Na ga wannan da idona a daren da ƙanena ya rasu. Ni da nake tsayawa gaban jama'a ina shelar bishara, ranar na kasa ko buɗe baki in yi addu'a. Matan zumunta suka zo suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, babu wuta sai fitila guda. Wata tsohuwa ta ɗaga waƙa a hankali, sauran suka shiga, maza daga zaure suka sa tasu muryar a ƙasa. Na yi ƙoƙarin bi, kuka ya shaƙe ni, na yi shiru. Waƙar ba ta tsaya ba. Can tsohuwar ta matso ta ce mini, “Ɗana, yi kukanka, mu za mu riƙe maka.” Kafin gari ya waye na sami kaina ina rerawa tare da su. Ƙanena bai dawo ba, amma na san a daren nan Ruhu Mai Tsarki, Mai Ta'aziyya, ya zo mini ta bakin jikin Almasihu.

Wannan shi ne abin da 1 Korintiyawa 12:26 da Galatiyawa 6:2 suke koya mana game da ɗaukar nauyin juna. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in yau numfashinka ya ƙare, kada ka ƙaurace wa taron masu bi. Zo ka zauna, ko da ba ka iya furta kalma ɗaya ba. In kuwa kai ne mai ƙarfi yau, ka riƙe sautin domin wani. Kada ka ce muryarka ba daɗi; Afisawa 5:19 ba ta ware gwanaye ba, da dukanmu take magana.

Tambayoyin nazari
1. Me ya sa Bulus da Sila suka rera waƙa tun kafin su ga ceto?
2. Wa ya taɓa riƙe maka waƙa sa'ad da ka kasa? Ka gode masa?

Abin yi a makon nan
A sujadar iyali, ku kashe rediyo da waya, ku rera waƙa ɗaya da muryoyinku kawai. Sa'an nan ku ziyarci mara lafiya ko mai makoki, ku rera masa ita.

Addu'a
Ya Uba, kai ne mai ba da waƙa cikin dare. Sa'ad da muryata ta kasa, ka kewaye ni da 'yan'uwa masu riƙe yabo. Ka buɗe kunnena in ji kukan na kusa da ni, ka cika ni da Ruhunka in zama ta'aziyya gare shi. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.