Darasin Wannan Wata: Yawon Buɗe Ido a Kan Kogi

A Gagarawa Tasha babu kogi. Haka ma Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar. Ƙasar rairayi ce, ruwan sha sai rijiya da burtsatse. Yaro yana iya girma bai taɓa shiga kwalekwale ba. Amma a wasu ƙasashe mutane sukan tara kuɗi don kawai su shiga jirgin ruwa su sha kallo. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido.

Kwazazzabo Uku na Ƙasar Sin

Kwazazzabo wuri ne mai zurfi inda ruwa ya ratsa tsakanin duwatsu. A ƙasar Sin akwai kogin Yangtse. Tsawonsa ya kai kilomita 6,300. Babu kogin da ya kai shi tsawo a nahiyar Asiya. A wani yanki kogin ya ratsa kwazazzabo uku a jere. Baƙi sukan shiga manyan jiragen ruwa masu ɗakunan kwana, su yi kwana uku ko huɗu suna tafiya. Duwatsu dama da hagu, ruwa a tsakiya.

A shekarar 1994 aka fara gina babban dam a wurin. Dam ɗin yana ba da wutar lantarki mai yawa. Amma ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, sai da aka tashi mutane fiye da miliyan ɗaya. Wato dam yana da amfani, yana kuma da ɗawainiya.

Kogin Haɗeja

Mutumin Gagarawa ba sai ya je ƙasar Sin ba. Jihar Jigawa tana da nata kogin. Kogin Kano da kogin Calawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Yana bi ta Wudil da Ringim, ya wuce Haɗeja. Can gaba ya haɗu da kogin Jama'are, su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

Shi ma wannan kogi an datse shi. An gama dam ɗin Tiga a 1974. An gama na kwazazzabon Calawa, a ƙasar Ƙaraye, a 1992. Tun daga nan ambaliyar da ke shayar da fadamu kowace shekara ta ragu. Ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Manoman shinkafa da masunta da makiyaya duk sun ji a jikinsu. Wata shekarar kuma ruwa ya yi yawa ya ci gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2022.

Dausayin Baturiya

Wurin da ya fi daɗin kallo shi ne dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma. A nan babu duwatsu. Akwai ruwa shimfiɗe, da bado, da itatuwa, da tsuntsaye. Ana ganin dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Da sanyin hunturu wasu tsuntsaye sukan taso tun daga Turai, su ƙetare hamada, su sauka a nan. A 2008 aka sa Baturiya cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya.

Wanda ya je zai ga yadda ake su da noman rani. Zai kuma gane inda kifin da ake kawowa kasuwa yake fitowa. Gani ya kori ji.

A Yi Hattara

Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma wanda ya tashi a tudu bai san halinsa ba. A 2021 wani jirgin ruwa ya kife a Bagwai, cikin Jihar Kano. Mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Saboda haka mai shiga kwalekwale ya kiyaye waɗannan:

1. Kada ya shiga idan an cika shi fiye da kima.
2. Ya nemi rigar kariya ya sa, ko da ya iya ruwa.
3. Kada ya yi tafiyar dare, ko lokacin hadari da iska.
4. Ya zauna wuri ɗaya, ya bi maganar matuƙi.
5. Kada a bar yara su shiga babu babba.

Tambayoyi

1. Mene ne kwazazzabo?
2. Waɗanne koguna ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja?
3. A wace shekara aka gama dam ɗin Tiga?
4. Rubuta abu uku da mai shiga kwalekwale zai kiyaye.