Yadda Za A Rage Jijjigar Mota Mai Taurin Ƙafa

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman malamin da ke riƙe da littafin kuɗin mota. Dalili kuwa shi ne kuka ya yi yawa a kan waɗansu motoci da a ke sayowa daga Turai bayan an more su a can. Ga mota kyakkyawa, inji lafiya lau, a bisa kwalta sai ka ce a kan tabarma a ke tafiya. Amma da an sauka kan burji za a fita rangadi, sai ta shiga dukan mai ita. Kafin a yi nisa ƙugu ya riƙe, rawani ya karkace, a isa garin dagaci a gajiye tun ba a soma aikin da ya kai mutum ba.

Abin da a kan yi shi ne a ce wani abu ya lalace, a kai wa makaniki. Shi kuma ya canja wannan ya canja wancan, kuɗi su tafi, mota ta komo yadda ta ke. Sau da yawa kuwa ba abin da ya lalace. Haka masu ita suka ƙera ta da gangan.

Abin da ke kawo taurin

Abu uku ne ke tsakanin mai zama cikin mota da ƙasa, waɗanda makanikai ke haɗawa su kira ƙafar mota. Na fari taya, da iskar da ke cikinta. Na biyu sifirin, watau murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, ya lotsa in an hau tudu, ya miƙe in an faɗa rami. Na uku shokazoba. Aikinta hana sifirin ci gaba da rawa bayan an wuce ramin. Cikinta mai ne, wanda a ke tilasta wa bi ta waɗansu ƙananan kafofi, sai ƙarfin bugun ya zama zafi ya watse.

Motar da aka ƙera domin jin daɗin zama, in an danna ta aka saki, jikinta ya kan yi lilo kamar sau 60 zuwa 90 a minti. Wannan bai yi nisa da takun mutum yana tafiya a ƙasa ba, shi ya sa jiki ba ya ƙinsa. To, amma akwai motocin da aka yi domin gudu da shan kwana a kan kwalta mai santsi irin ta Jamus. Su a kan sa musu gajeren sifirin mai tauri, da shokazoba mai tauri, a kwantar da motar kusa da ƙasa, don kada ta karkata in an sha kwana da gudu. Lilonta gajere ne mai sauri, kowane dutse kuma sai ta kai wa mai ita labarinsa.

Dattawa sun san Peugeot 504, wadda mutanenmu ke ce wa Fijo. An fito da ita a Faransa cikin 1968, aka soma harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna cikin 1975, a shekarar nan kuma ita ce ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas. Sirrinta doguwar ƙafa ce mai wurin lotsawa, da taya mai tsawon gefe. Sai a gwada ta da BMW mai lamba 3, irin wadda aka soma fitarwa cikin 2005, idan tana da ƙafar da su ke kira M Sport: an rage mata tsawo, an ƙara mata tauri, sau da yawa kuma rim ɗinta babba ne, tayar kuwa siririya. Ba laifin masu ƙira ba ne. Dokin sukuwa ne aka ɗaura wa sirdi za a yi tafiyar kwana uku da shi. Da wannan motar za mu yi misali, amma maganar ta shafi duk mai irin halinta.

A fara da iska

Gyaran da ba ya cin ko kwabo shi ne na iska, kuma shi aka fi mantawa. Masu faci na bakin hanya da yawa su kan bi lambar da ke rubuce a jikin taya. Wannan lamba kuwa iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke bukata ba. Ma'aunin gaskiya yana kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin dogaran ƙofar direba, a waɗansu motoci kuma cikin murfin tankin mai. Tana nuna awo biyu, na mota ba kaya da na mota cike da mutane.

Lalle ne hakimi ya sayi geji nasa na kansa, ya ajiye a mota, gama na bakin hanya sun sha faɗuwa ƙasa. A auna da sassafe tun ba a tashi motar ba, domin iska tana ƙaruwa in taya ta yi zafi. Kada kuma wani ya ce tun da rage iska na kawo laushi, bari ya rage ƙasa da abin da takardar ta ce. Taya mai ƙarancin iska ta kan yi zafi ƙwarai a doguwar tafiya, a watan bazara tana iya fashewa ana cikin gudu.

Karatun lambar taya

Nan ne babban gyara ya ke, nan ne kuma malamin hakimi zai yi amfani da alƙalaminsa. A jikin kowace taya akwai rubutu kamar haka: 225/40 R18. Lamba ta fari faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsawon gefen taya ne, amma an faɗe shi ne da kashi cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman rim ne da inci. Saboda haka in an ɗauki kashi 40 cikin ɗari na 225, sai a sami milimita 90. Iyakar robar da ke tsakanin rim da dutsen hanya ke nan, bai kai faɗin tafin hannu da yawa ba.

To, wannan motar dai da mu ke misali da ita, masu ita sun fitar da ita da waɗansu tayoyin kuma. Akwai 225/45 R17, gefenta milimita 101. Akwai 205/55 R16, gefenta milimita 113. Kun ga ke nan, wanda ya sauko daga rim mai inci 18 zuwa mai inci 16 ya ƙaru da milimita 23, watau kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya ke da shi da. Wannan ƙari shi ke shanye tsakuwa da gargada tun ba su kai ga sifirin ba, shi ke kuma tsare rim daga lanƙwashewa a rami. Wanda ya taɓa tsayawa a daji da lanƙwasasshen rim, jama'a na can ƙofar gari da ganguna suna jira, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin lura shi ne, in rim ya ragu, dole gefen taya ya ƙaru, yadda tsawon ƙafar duka ba zai sake ba. A lissafa a gani: inci ɗaya milimita 25.4 ne. Rim mai inci 18 milimita 457 ke nan, a ƙara gefe biyu, sama da ƙasa, 180, ya zama 637. Na inci 17 ya kan ba da 634, na inci 16 kuma 632. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba, birki kuma ba zai rikice ba. Malami ya yi wannan lissafi a takarda kafin a biya kuɗi, kada a dogara ga mai sayarwa ya ce "ai za ta shiga".

Sai dai a kula da abu guda. Motoci masu babban inji birkinsu babba ne, ƙaramin rim ba ya rufe shi. A gwada rim ɗaya a ƙafar gaba, a juya shi da hannu, a tabbata ba ya gogar kome, sa'an nan a sayi sauran. Mun san akwai samari a gida da za su ce babban rim ya fi kyau a ido. Gaskiya ne, amma ba su ne za su zauna a baya har Kilomita 60 ba.

Akwai kuma wata irin taya da wannan mota ta kan zo da ita, wadda ko ta yi faci a kan iya ci gaba da tafiya a kanta kamar kilomita 80, in ba a wuce gudun kilomita 80 a sa'a ba. Gefenta mai kauri ne da tauri don ya ɗauki mota ba iska, taurin nan kuwa yana nan kullum. Komawa ga taya ta kullum ya kan kawo laushi sosai. Amma a sauya duka huɗu, kada a gauraya. A tuna kuma irin wannan mota ba ta zuwa da safaya, ba ta ma da ramin ajiye ta. Tilas a sayi safaya da jak da sifana a sa a but, in ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tsohuwar taya ma ta kan bushe ta yi tauri ko da zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya soma da DOT su ke faɗin haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar a riƙa duba ta, wadda ta kai goma kuwa a rabu da ita ko da ta yi kyau a ido.

Sifirin da shokazoba

In an gyara iska da taya, har yanzu ana jin duka, sai a ɗaga mota a duba. Shokazobar da ta jiƙe da mai ta mutu. Robobin da ke gaɓoɓin ƙafa in sun tsage su kan kawo ƙara da bugu. A duba kuma ko mai motar na fari a Turai ya sa mata gajeren sifirin na kasuwa don ado. Irin wannan mota wurin lotsawarta kaɗan ne, da ta faɗa rami sai ƙafa ta daki robar da ke iyaka, a ji bugun har haƙori.

Maganin wannan shi ne a nemo sifirin da shokazoba na irin wannan mota ɗin, amma na samfurin da ba na gudu ba, a sa su tare. Sifirin mai laushi da shokazoba mai tauri ba sa jituwa, haka nan in an juya. A kan sauya hagu da dama lokaci guda. Bayan an gama a ɗaure kusoshin robobin mota tana tsaye bisa ƙafafunta, ba tana rataye a jak ba, sa'an nan a kai ta a yi mata saitin ƙafa, in ba haka ba sababbin tayoyin nan za su cinye ta gefe ɗaya. Motar da ke da maɓallin zaɓi, a duba ko direba ya bar shi a kan Sport, a mai da shi Comfort.

Ga abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan. Kada a bari makaniki ya gasa sifirin da wutar walda wai don ya yi laushi, gama wuta tana kashe ƙarfen, ya zauna, wata rana ya karye. Kada a yanke shi, domin sifirin in ya gajarta ƙara tauri ya ke yi. Kada a cire sandar nan ta ƙarfe da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama. Gaskiya ne ita ke sa kai ya riƙa kaɗawa in ƙafa ɗaya ta faɗa rami, amma ita ke riƙe mota ran da akuya ta ɓullo aka kauce mata da gudu. Duk waɗannan gyaran gangar Auzinawa ne. Robar da a ke cusawa don ɗaga mota kuwa, tsawo kaɗai ta ke ƙarawa, ba laushi ba.

Direba da hanya

Cikin 1963 wani masani mai suna Keith Mather ya bayyana gwajin da ya yi a Ostareliya, ya nuna gargada tana fitowa ne daga wucewar ƙafafun mota da gudu a kan busasshiyar ƙasa mai sako-sako. Watau motocin da ke kuka da gargada su ne ke yin ta. Direbobi su kan ce in an ƙara wuta jijjiga na raguwa. Haka ne, amma dalili shi ne taya tana tsallake kan tudun ne kawai, ba ta riƙe da ƙasa sosai, in bukatar birki ko kwana ta zo sai motar ta sulale. Hakimi ya hana direbansa wannan. Ya koya masa kuma ya taka birki tun daga nesa, ya sake shi gab da rami, domin birki yana danne sifirin gaba, sai a shiga ramin ba sauran wurin lotsawa. Haka kuma in an cika mota da 'yan rakiya da buhuna fiye da ƙa'ida.

Ya kamata a faɗi gaskiya: duk gyaran nan ba zai mai da motar kwalta ta zama ta daji ba, gama cikinta kusa da ƙasa ya ke. Hakimin da ƙasarsa ke da rafuka da rairayi, gara ya bar ta domin zuwa birni, ya nemi mai tsawo domin rangadi.

Wanda zai bi gyaran kuwa, a yi shi ɗaya bayan ɗaya, ba duka rana guda ba. A zaɓi wata hanya da aka saba bi, kamar kilomita biyar. Bayan kowane gyara a bi ta da gudu iri ɗaya da mutane iri ɗaya, malami ya rubuta kwanan wata, da abin da aka sauya, da kuɗinsa, da awon iska, da abin da hakimi ya ji a jikinsa. In iska da taya sun wadatar, sai a tsaya nan, kuɗin sifirin su zauna a aljihu.