Annobar Korona a Ƙasar Haɗeja: Kulle, Rigakafi da Rikiɗar Ƙwayar Cuta

Gabatarwa

Malam Madori gari ne da hanya ta raya. Layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ta nan ya ratsa, haka kuma titin motar da ya biyo ta Gumel ya nufi Haɗeja. Garin da ke bakin hanya kuwa, duk abin da hanya ta ɗauko shi yake samu, alheri ko akasinsa. A shekarar 2020 hanyoyin duniya suka ɗauko cutar korona, wadda aka fara gani a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba 2019. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ita a Legas, ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, kafin ƙarshen Afrilu kuma ta iso Jihar Jigawa. Wannan darasi zai yi bayanin abubuwa uku da suka cika kunnuwan jama'a a lokacin, wato dokar kulle da allurar rigakafi da sababbin nau'o'in ƙwayar cutar, tare da nuna yadda kowane ɗaya ya rataya a wuyan ɗan'uwansa.

Ƙwayar cutar da yadda take hayayyafa

Abin da ke haddasa korona ƙwayar bairos ce, wadda ƙanƙantarta ta kai madubin likita na ɗakin gwajin makaranta ba ya iya nuna ta. Gininta ba shi da yawa: zaren saƙon gado da ake kira RNA, mai ɗauke da haruffan halitta kimanin 30,000, sai kwanson maiƙo da ya lulluɓe shi, sai kuma ƙayoyin furotin da suka tsattsaya a bayan kwanson. Bairos ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta shiga hanci ko maƙogwaro ko huhun mutum, ta sa ƙayarta ta buɗe tantanin halitta kamar yadda makulli ke buɗe kwaɗo, sannan ta tilasta wa tantanin ya bar aikinsa ya koma buga mata kwafi dubbai. Waɗannan kwafi su ne ke fita ta tari da atishawa da magana da numfashi, su faɗa wa na kusa. Wannan kwanso na maiƙo shi ne lagonta, domin sabulu yana narkar da shi, shi ya sa aka dage da kiran a riƙa wanke hannu.

Lissafin yaɗuwa

Masana suna auna ƙarfin annoba da tambaya guda: mutum nawa mai cuta ɗaya ke shafa wa? An ƙiyasta cewa korona ta farko tana kama mutum biyu zuwa uku daga kowane majiyyaci, idan ba a ɗauki wani mataki ba. Ɗalibi zai iya gwada wannan a allo. Idan adadin 3 ne, zagaye na farko zai ba da mutum 3, na biyu 9, na uku 27, na biyar 243, na goma kuwa 59,049. Idan aka rage cuɗanya har adadin ya sauko ƙasa da 1, to kowane zagaye zai kasa wanda ya gabace shi, cutar ta dinga ja da baya. Dukkan matakan da hukuma ta ɗauka, daga takunkumin fuska zuwa rufe kasuwa, manufarsu ke nan: a danne wannan adadi.

Wani abin da ya ƙara wahalar da al'amarin shi ne, mutum yana iya ɗauke da ƙwayar yana yaɗa ta alhali bai ji ko ciwon kai ba, musamman yara da matasa. Dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini su ne cutar ta fi kayarwa. A farkon Mayu 2020 jaridu sun ba da labarin yawaitar rasuwar dattawa a Haɗeja, har gwamnatin jiha ta tura kwamiti ya bincika. A Kano ma an ga irin wannan, inda a watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa daga cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Darasin da ke nan shi ne, alƙaluman hukuma suna ƙidaya wanda aka yi wa gwaji ne kawai.

Kulle tamkar jinga ne

Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas da Ogun da Abuja, a ƙarshen Afrilu Gwamnatin Tarayya ta kulle Kano baki ɗaya, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A Jigawa, gwamnatin Alhaji Muhammad Badaru Abubakar ta rufe makarantu da kasuwannin mako, ta kuma kulle wasu ƙananan hukumomi. Hakan ya zo daidai da watan azumi.

Mutanen bakin Kogin Haɗeja sun fi kowa sanin ma'anar irin wannan mataki. Idan kogi ya kawo, kamar yadda ya yi a daminar 2020 da ta 2022, matasa kan fito su cika buhuna da ƙasa su ɗaga jinga. Jinga ba ta ƙafar da kogi. Abin da take yi shi ne ta tare ruwa har a kwashe iyali da hatsi, ko kuma ruwan ya janye. Haka kulle yake. Yana rage gudun cutar domin kada majiyyata su yi wa asibiti yawa a lokaci guda, yana kuma ba masana damar neman rigakafi, amma ba ya bai wa jikin kowa kariya. Ranar da aka buɗe ƙofa, wanda bai taɓa haɗuwa da ƙwayar ba yana nan yadda yake.

Bugu da ƙari, tsadar kulle ba kaɗan ba ce. Mai tumatir da tattasai a fadama ba zai ce wa kayansa su jira a buɗe hanya ba. Masunci da ɗan dako da direban tasha kuwa, sai sun fita suke samun na cefane. Ɗalibai ma sun yi watanni a gida. Saboda haka aka shiga sassautawa daki-daki: ranar 4 ga Mayu 2020 aka fara a Legas da Ogun da Abuja, ranar 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi, a watan Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma makaranta suka zauna jarrabawar WAEC. Duk wannan ya faru ne tun babu allura ko ɗaya a ƙasar.

Aikin allurar rigakafi

Jikin ɗan'adam yana da garkuwa, wato fararen ƙwayoyin jini waɗanda ake yi wa laƙabi da sojojin jiki. Idan baƙuwar ƙwaya ta shigo, sukan ɗauki kwanaki kafin su gane ta su ƙera makamin da ya dace da ita, a cikin waɗannan kwanaki ne cuta ke yin ɓarna. Allurar rigakafi tana nuna wa sojojin kamannin ƙayar bairos tun kafin ita kanta ta iso. Cikin kamar mako biyu jiki yakan samar da sinadaran kariya masu maƙale wa ƙayar, ya kuma ajiye wasu ƙwayoyi masu tuna ta. Ɗan zazzaɓi ko ciwon dantse da kan biyo bayan allura alama ce ta wannan atisaye. An kuma samu daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai bayan allurar AstraZeneca da ta Johnson & Johnson, abin da ya sa hukumomi suka riƙa bin diddigin waɗanda aka yi wa.

Kashin farko ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021: allurar AstraZeneca kusan miliyan 4, ta hannun shirin COVAX. Ranar 5 ga wata aka fara da ma'aikatan lafiya. A watan Agusta aka samu Moderna daga Amurka, da Johnson & Johnson wadda ake yi sau ɗaya. Kai allura ƙauye kuwa aiki ne mai zaman kansa, domin zafi yana lalata ta. AstraZeneca tana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, Pfizer kuwa a farko sai wajen digiri 70 ƙasa da sifiri. Firji mai aiki da hasken rana da akwatin ƙanƙara a bayan babur, waɗanda aka saba da su a yaƙi da shan-inna, su suka ɗauki nauyin wannan aiki a karkara. Ba a rasa asara ba: a Disamba 2021 Nijeriya ta lalata allura fiye da miliyan 1 waɗanda aka ba ta kyauta suna dab da ƙarewar wa'adi.

An yi fama da jita-jita da ɗari-ɗari, kamar yadda aka yi a kan allurar shan-inna a 2003. Duk da haka, a alƙaluman Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa na 2022, Jigawa da Nasarawa suna sahun gaba wajen yawan waɗanda aka yi wa allura. Aikin Hajji ma ya taimaka, domin bayan shekara biyu ba a karɓi alhazan waje ba, a 2022 Saudiyya ta shardanta shaidar rigakafi ga kowane maniyyaci.

Daga ina sababbin nau'o'i ke fitowa?

A ɗauka malami ya ba ɗalibi ɗaya rubutu mai haruffa 30,000 ya kwafa, na biyu ya kwafa daga na farko, na uku daga na biyu, har a zagaye makaranta. Babu makawa a samu kurakurai. Haka bairos take kuskure wajen kwafin saƙonta. Yawancin kurakuran ba sa canza komai, wasu ma kashe ta suke yi. Amma jefi-jefi akan samu wanda ya gyara mata ƙaya, ta fi saurin buɗe tantani ko ta ɓace wa sojojin jiki. Mai irin wannan sa'a sai ta fi sauran yaɗuwa har ta mamaye fili. Wannan shi ne zaɓin yanayi da ake karantawa a ajin nazarin halittu, sai dai a nan an gan shi cikin watanni.

A ƙarshen 2020 aka gano nau'in Alfa a Ingila da Beta a Afirka ta Kudu, sai Eta wanda aka fara gani a Nijeriya da Ingila. Delta, wanda ya ɓulla a Indiya, an tabbatar da shi a Nijeriya a Yuli 2021, ya kuma ninka na farko saurin yaɗuwa. Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta sanar a Nuwamba 2021, ya zo da canji fiye da 30 a ƙayarsa kaɗai, ranar 1 ga Disamba aka tabbatar da shi a Nijeriya. Gano nau'i aikin masu karanta saƙon gado ne, kuma cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a Jihar Osun ce ta fara karanta na korona a Afirka, a Maris 2020.

Rikiɗa tana sauya lissafi. Idan mai cuta yana shafa wa mutum 3, sai biyu daga cikinsu sun zama masu kariya kafin adadin ya sauko zuwa 1, wato kashi 67 cikin ɗari na jama'a. Idan 6 yake shafa wa, sai biyar cikin shida, wato kashi 83. Omikron ya ƙara da kama waɗanda aka yi wa allura, amma allurar ta ci gaba da kare mafi yawansu daga kwanciya asibiti da mutuwa, shi ya sa aka ƙaro allurar ƙarfafawa. Muhimmin abu shi ne, yawan kurakurai yana bin yawan kwafi. Duk garin da aka bari cuta tana yawo, ya zama gonar da sabon nau'i zai iya tsira, hanya kuma ta kai shi ko'ina.

Kammalawa

A Disamba 2022 Nijeriya ta janye ragowar dokokin korona, ranar 5 ga Mayu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen matakin gaggawa. Ƙwayar ba ta ɓace ba, tana nan tana rikiɗa. Abin da ya canza shi ne yawancin jikuna sun san ta, ta hanyar allura ko kamuwa. Kulle ya sayi lokaci, allura ta ci moriyar lokacin, rikiɗa kuwa ita ce ke rage shi idan aka yi jinkiri. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta, har da Jigawa, a 2023, ta fi kama yaran da ba a kammala musu allurar jarirai ba, alhali rigakafinta ya daɗe a asibitoci kyauta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi, aikinsa na farko shi ne ya duba katin rigakafin ƙannensa a gida.

Tambayoyi

1. Me ya sa bairos ba ta iya hayayyafa a wajen tantanin halitta?
2. Idan mai cuta ɗaya yana shafa wa mutum 4, mutum nawa za su kamu a zagaye na biyar? Kashi nawa na jama'a ke buƙatar kariya?
3. Kawo kamanni biyu da bambanci ɗaya tsakanin jingar kogi da dokar kulle.
4. Bayyana yadda ƙarancin rigakafi a wata ƙasa zai iya shafar mutumin Malam Madori.